Ku Maishe Ni Gida

Bahaushe ba baƙon wasiyya ba ne. Tun yana da sauran ƙarfinsa yakan kira amintaccensa ya lissafa masa waɗanda yake bi bashi da waɗanda suke binsa, ya nuna iyakar gonarsa da ta maƙwabci, ya ambaci wanda yake so ya yi masa wanka da wanda zai sallace shi. Akwai dattawan da suke sayen likkafaninsu da kansu, su ninke su adana a ƙasan adaka shekara da shekaru. Fiƙihun Malikiyya da muka tashi a cikinsa ya riga ya shata wa wasiyyar dukiya iyaka, ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji ita. A Argungu sarakunan Kabi suna kwance cikin tsohon gidan sarauta wanda ya zama Gidan Tarihi na Kanta, a Gwandu kuma hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yana tsakiyar jama'a. Mutane ne mu masu zama kusa da matattunmu, zancen kabari ba ya firgita mu. Sai dai duk waɗannan wasiyyoyi ba sa fara aiki sai rai ya fita. Tsakanin ranar da likita ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa da ranar da aka ɗauki makara akwai wasu kwanaki, wani lokaci makonni, waɗanda ba mu saba yi musu wasiyya ba, alhali a cikinsu ne mai rai ya fi bukatar a ji maganarsa.

Maganar kuwa akwai ta. Duk wanda ya taɓa zaman jinya a ɗakin maza ko na mata a Birnin Kebbi ya ji ta, galibi da tsakar dare, daga bakin tsoho ko tsohuwa: ku maishe ni gida. Masu jinya sukan ɗauke ta a matsayin ƙosawa da gadon asibiti, ko ruɗewar zazzaɓi, su rarrashi mai ita da cewa gobe likita zai zo. Sau da yawa gaskiyarsu ce. Amma akwai lokacin da wannan jimla take ɗauke da hukuncin da mutum ya yanke wa kansa cikin hankalinsa, bayan ya saurari jikinsa ya gane abin da yake gaya masa. Kunyarmu ba ta barin dattijo ya dubi 'ya'yansa ya ce mutuwa zan yi, don haka yakan lulluɓe zancen da sunan gida. Wanda bai iya buɗe lulluɓin ba zai rantse cewa marigayi bai bar magana ba.

Yayar mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta bar irin wannan magana. Ta shekara biyu tana fama da ciwon zuciya, ƙafafu sun kumbura, ba ta iya barci sai a jingine. An kwantar da ita sau uku, a na ukun likita ya gaya wa maza cewa magani rage wahala kawai yake yi. Bayan an dawo da ita Argungu ta gaya wa autarta, wadda take kwana ɗakinta, cewa ko me ya faru kada a sake ɗora ta a mota. Ta maimaita wa wata aminiyarta da ta zo dubiya. Mata biyu suka ji, kuma zancen bai ƙetare ƙofar cikin gida ya isa zaure ba, inda ake yanke shawara. Daren da numfashinta ya sarƙe, autar ta faɗi abin da aka gaya mata tana kuka, aka ce ta yi shiru, yarinya ce, tsoro ne ya kama ta. Aka tashi maƙwabci mai mota.

Ni a Birni nake zaune, don haka ni aka buga wa waya in jira su a ƙofar asibiti. Tsakanin Argungu da Birnin Kebbi kimanin kilomita 50 ne, tafiyar da ba ta kai awa guda ba idan hanya ta yi kyau. Inna ta cika kafin su kai Ambursa, kanta a kan cinyar autarta, direba yana kauce wa ramuka, kowa a motar yana kiran sunanta yana girgiza ta, ba wanda hankalinsa ya kai ga laƙƙana mata kalmar shahada. Da suka iso, ma'aikatan da ke bakin aiki suka kwantar da ita suka shiga danna ƙirjinta, domin abin da aikinsu ya wajabta musu ke nan ga duk wanda aka kawo ba su san labarinsa ba. Bayan wasu mintuna suka tsaya. Kafin hantsi motar da ta kawo ta ta mai da ita ta wannan hanya, a naɗe cikin zanen da aka taho da shi don shimfiɗa.

Dannar ƙirjin da aka yi mata ba tsohuwar dabara ba ce. A 1960 wasu masana uku a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore, a Amurka, suka bayyana cewa ana iya tura jini ya ci gaba da zagaya jiki ta hanyar danna ƙashin ƙirji daga waje, ba sai an tsaga mutum ba. Ana dannawa sau 100 zuwa 120 a minti guda, kowace danna ta nutsa kimanin santimita 5, kuma a jikin tsoho haƙarƙari yakan karye. Dabarar ta ceci rayuka masu ɗimbin yawa, musamman waɗanda zuciyarsu ta tsaya kwatsam alhali sauran jikinsu lafiya lau, kamar wanda ruwa ya ci ko wanda lantarki ya ja. Amma ga wanda doguwar cuta ta riga ta cinye, tsayawar zuciya ƙarshen tafiyar ce, kuma da wuya danna ta dawo da shi. Likitocin can ba su daɗe ba suka gane haka. Tun 1974 Ƙungiyar Kula da Zuciya ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa rubuta umarnin kada a farfaɗo a takardun majinyacin da cutarsa ba ta da makawa.

Sai wata matsalar ta ɓullo. Umarnin da aka rubuta cikin fayil yana asibiti, mutum kuwa yana iya faɗuwa a ɗakinsa, kuma ma'aikatan motar agaji da aka kira ba su da ikon tsayawa tambaya. Wannan ya sa a shekarun 1990 a jihar Oregon aka fito da takarda mai launi mai ɗaukar ido, wadda likita yake sa wa hannu bayan ya tattauna da majinyaci, ana manna ta inda mai shigowa zai gani. Wasu suna ɗaura abin hannu mai rubutu. A 2017 likitoci a birnin Miami suka ba da labarin wani dattijo ɗan shekara 70 da aka kawo a sume, suka tarar ya sa an zana umarnin a fatar ƙirjinsa har da sa hannunsa. Sai da suka nemi shawarar masana ɗa'ar aikin likita kafin su yi aiki da shi, daga baya kuma aka gano takardarsa ta hukuma. Abin da ya kai mutum ga rubuta wasiyya a fatarsa shi ne abin da ya sami Inna, wato tsoron ranar da baki zai rufe, maganar da aka faɗa ta rasa mai tsaya mata.

Halinmu a kwarin Rima ya bambanta da nasu. Ba wata motar agaji da za ta shigo lungunan Argungu da na'urar girgiza zuciya cikin minti goma. A nan mota ita ce farfaɗowar, kuma dangi ne masu ɗaukar matakin. Ƙauna ce take tada su, wannan babu shakka, amma tana tafe da wata abokiyar tafiya, ita ce tsoron bakin duniya. Ɗan da yake aiki a Abuja ko Legas yana jin nauyin shekarun da bai zauna kusa da iyayensa ba, kuma ya san abin da za a faɗa a zaman makoki idan aka ji tsoho ya cika a ɗaki alhali akwai mota a ƙofar gida. Saboda haka sau da yawa tafiyar ƙarshe ana yin ta ne domin masu rai su sami abin da za su kare kansu da shi, mai mutuwa kuwa shi yake biyan kuɗinta da sa'o'in da suka rage masa.

Wani zai ce doka da addini ba su bar mana zaɓi ba. A fagen doka, Kotun Ƙolin Nijeriya ta yi magana tun 2001 a shari'ar Dakta Okonkwo, likitan da aka hukunta saboda ya mutunta wata majinyaciya mabiyar Shaidun Jehobah wadda ta ƙi ƙarin jini a rubuce har ta rasu. Kotun ta wanke shi, ta tabbatar cewa baligi mai hankali yana da haƙƙin ƙin magani. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin maganin da ake da su, da kuma haƙƙinsa na ƙi. A fagen addini, malamai sun haramta kashe rai ko gaggauta fitarsa ko da sunan tausayi ne, sun kuma hana fatan mutuwa don wahala. Amma sun rarrabe tsakanin wannan da barin maganin da masana suka tabbatar ba zai amfanar ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tattauna hukuncin na'urorin riƙe rai a zamanta na birnin Amman a 1986, kuma a shekarar 1409 ta Hijira kwamitin fatawa na Saudiyya ya halatta barin farfaɗowa idan ƙwararrun likitoci uku amintattu sun haɗu a kan cewa ba ta da amfani. Littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu yana da babi a kan abin da ake yi wa wanda mutuwa ta halarto masa, a fuskantar da shi alƙibla, a laƙƙana masa shahada, a rufe idanunsa idan ya cika. Duk waɗannan suna bukatar natsuwa da hannun da ba ya rawa, abin da kujerar bayan mota ba ta bayarwa.

Kawuna, ƙanen Inna, yana cikin waɗanda suka raka gawarta zuwa gida, kuma bai manta ba. Masunci ne, ya gaji homa da gora daga mahaifinsa, ya shiga Matan Fada a bikin kamun kifi tun yana saurayi, da rani kuma yana noman shinkafa a fadama. Kamar yawancin yaran bakin gulbi na zamaninsa ya yi tsagiya, ba wanda ya ɗauki fitsarin jini cuta a lokacin. Ƙwayayen tsutsar da take haddasa ta suna maƙalewa a bangon mafitsara su yi ta gurzarsa shekaru, har wani lokaci su haifar da ciwon daji. Na Kawu bai bayyana ba sai da ya bazu. Muka kai shi Birni, aka tura mu Sakkwato, aka yi hoto da gwaje-gwaje, daga ƙarshe likita ya kira mu gefe. Kawu bai jira mu tsara masa magana ba. Ya sa aka mai da shi gaban likitan, ya tambaye shi da kansa ko akwai aikin da zai raba shi da ciwon. Likitan, Allah ya saka masa, ya gaya masa gaskiya cikin ladabi.

Kwana uku da dawowarmu ya aika aka kira limamin unguwa, da ƙanensa wanda 'ya'yansa suke kira Baffa, da ni. Ya ce a kira matarsa ta zauna a bakin ƙofa, domin ita za ta fara ganin abin idan ya zo. Ya sa na buga wa babban ɗansa waya a Legas na ƙara sauti. Sannan ya ce: "Na tara ku ne ku zan shaidu. Likita ya yi nashi. In kun ga numfashi ya sake, kada wanda ya tada mota. Abin da ka rage zafi ku ba ni, ruwa ku ba ni, amma kada a kai ni inda za a danne man ƙirji. Nan nika son in cika, inda nika jin kiran sallar masallacinmu." Liman ya tambaye shi sau biyu ko tsadar magani ce ta sa, ko wani ya nuna masa gajiya. Ya ce ko ɗaya. Liman ya rubuta da ajami, na rubuta da boko a ƙasa, muka sa hannu, Kawu ya dangwala yatsa. Da na koma karɓar magani na nuna wa likitansa, ya karanta ya rubuta bayani a katinsa.

Makonni bakwai ya yi bayan haka. Wata ma'aikaciyar jinya da ke maƙwabtaka da su tana zuwa ta canza masa robar fitsari ta duba gyambon kwanciya. Abokan sana'arsa suna zuwa da yamma su zauna a tabarma, su ba shi labarin ruwa, inda ya janye da inda giwan ruwa ya yi ƙaranci. Ya yafe bashin taru da yake bin wani, ya nemi gafarar wani da suka yi shekara goma ba sa gaisawa saboda iyakar fadama. Babban ɗansa ya iso ana saura kwana huɗu. Ya ji maganar mahaifinsa a waya da kunnensa, ya kuma amsa da to, amma ji daban, gani daban. Daren ƙarshe, da numfashi ya fara yankewa yana dawowa, ya miƙe ya ɗauki makullin mota.

"Baffa, ba zan iya zama ina kallo ba," in ji shi. "Me za a ce? A ce yana da ɗa mai mota ya mutu a ɗaki?"

Baffa bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, za a ce ka ji maganar ubanka. Ga Malam nan, ga uwarka, ga takarda. Aje makullin nan, zo ka tallabi kansa, kai ne babba."

Ya daɗe a tsaye a bakin ƙofa kafin ya ajiye. Ya zauna ya ɗora kan mahaifinsa a cinyarsa, Liman ya nuna masa yadda zai riƙa faɗin kalmar a hankali kusa da kunne ba tare da ya matsa masa ba. Matarsa tana jiƙa masa leɓe da auduga. Kawu ya cika bayan kiran sallar farko, muka yi masa sutura da hantsi. Abin da ya raba darensa da na yayarsa shaidu ne. Burinsu ɗaya, imaninsu ɗaya, danginsu ma ɗaya, amma ita maganarta ta tsaya a kunnen waɗanda ba a sauraro, shi kuwa ya ɗora tasa a wuyan waɗanda ba a iya yi wa musu.

A nan dole in ja linzami, domin wannan magana tana da kaifi biyu. A asibitocinmu kullum ana sa hannu a takardar fitar da majinyaci ba da yardar likita ba, kuma da yawa daga masu sa hannun aljihunsu ne ya ƙare. An sayar da shinkafar bana, an jinginar da gona, sai a ce a koma gida a bar wa Allah. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya sumar, da mai naƙudar da jini ya ɓalle mata, da magidancin da maciji ya sara a fadama, duk waɗannan gudu da su zuwa asibiti wajibi ne, kuma wanda ya kira jinkirinsa tawakkali ya zalunci kalmar. Haka kuma tsohuwar da take ganin jikokinta sun rasa kuɗin makaranta saboda ita tana iya cewa a maishe ta gida alhali zuciyarta tana son ta rayu. Tambayar da Liman ya yi wa Kawu sau biyu ita ce katangar da take raba zaɓi da tilas. Wasiyyar ƙarshen rai ba ta inganta sai likita ya faɗi gaskiyar cutar, mai ita yana cikin hankalinsa, ba talauci ko gajiyar dangi ne suke magana da bakinsa ba, kuma yana da ikon janye ta duk ranar da ya so.

Kaifi na biyu shi ne zafin ciwo. Komawa gida ba ta da daraja idan ma'anarta a bar mutum yana murƙususu. Akwai dararen da maganin da muke da shi ya kasa Kawu, yana cizon gefen bargo don kada matarsa ta ji, kuma samun mai ƙarfin da likita ya rubuta sai da doguwar tafiya. Wannan fanni na kula da wanda ba zai warke ba ilimi ne mai zaman kansa. Cicely Saunders ta buɗe masa gida na musamman a Landan a 1967. A 1993 Dakta Anne Merriman ta kafa irinsa a Yuganda, inda ake haɗa ruwan maganin mofin mai araha a kai wa majinyata har ɗakunansu. A Ibadan Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta sun assasa shi a asibitin koyarwa na jami'a, kuma a 2014 Majalisar Lafiya ta Duniya ta nemi ƙasashe su sanya shi cikin tsarin lafiyarsu tun daga matakin farko. Jihar da aka ƙirƙira tun 1991, mai asibitoci a Birnin Kebbi da Argungu da Yawuri da Zuru, tana iya horar da ma'aikatan jinya kaɗan a kowace masarauta waɗanda aikinsu shi ne bin irin su Kawu gida.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da yake hannunmu, kuma ba sai mun aro shi daga Oregon ba. Addininmu ya koya mana rubuta bashi da kafa masa shaidu, don kada mantuwa ko son zuciya su ci haƙƙin wani. Yadda mutum yake so ya yi kwanakinsa na ƙarshe bai gaza buhun shinkafa daraja ba. Idan likita ya faɗi abin da ya faɗa, a daina ɓoye wa dattijo labarin jikinsa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A tambaye shi inda yake so ya kasance da abin da ba ya so a yi masa. A sa matan da suke kwana da shi cikin shaidu, a kira na nesa su ji da kunnensu tun da sauran lokaci, a rubuta, a nuna wa likita. Wanda ya ce a yi ta fafutuka da shi har numfashin ƙarshe, shi ma wasiyyarsa ce, a cika masa. Masu zuwa gaisuwa kuma su rage tambayar ko an kai shi asibiti, domin wannan tambaya ce take tada motoci da tsakar dare. Su tambaya ko ya samu cikawa da kalma.

Mutuwa rigar kowa ce, ba wanda ya san ranar da zai sa tasa, ko a gado ko a hanya ko a ruwa. Abin da ɗan'adam yake iya yi wa ɗan'uwansa shi ne ya riƙe masa amanar maganarsa a lokacin da shi ba ya iya riƙewa. Allah ya jiƙan Inna da Kawu da sauran magabatanmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma idan tamu ta zo ya sa mu cika da imani.